Cornelia Fort: Ta Rasu a Bakin Aikin Soja, Babu Sunanta a Rajistar Soja

A maƙabartar Mount Olivet da ke Nashville, a jihar Tenesi ta Amurka, akwai kabarin wata budurwa 'yar shekara 24 mai suna Cornelia Clark Fort. An rubuta a kan dutsen kabarin cewa ta rasa ranta tana yi wa ƙasarta aiki. Maganar gaskiya ce. Jirgin saman soja take tuƙawa, hafsan soja ne ya ba ta umarnin tashi, sansanin soja za ta kai jirgin, kuma ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. Duk da haka, a ranar 21 ga Maris 1943 da ta rasu, a takardun gwamnati ita ma'aikaciyar farar hula ce. Sai da aka yi shekara 34 kafin doka ta amsa cewa aikin da ta mutu a kansa aikin soja ne.

A tsawon wannan lokaci, waɗanda suka riƙe sunanta su ne danginta, da mutanen garinsu, da matan da suka yi aiki tare, da waɗanda suka zauna aji ɗaya da ita. Shi ya sa lamarinta ya dace da duk wanda ke son fahimtar nauyin da ke kan makaranta ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai idan ɗaya daga cikinsu ta faɗi a lokacin yaƙi.

An haife ta ranar 5 ga Fabrairu 1919 a gidan masu hali. Mahaifinta, Dakta Rufus Fort, likita ne kuma yana cikin waɗanda suka kafa wani babban kamfanin inshora a Nashville. A gonarsu da ake kira Fortland ta tashi. Akwai labarin da masu rubuta tarihinta ke yawan kawowa: tana ƙaramar yarinya, mahaifin ya tara 'ya'yansa maza uku ya sa suka rantse da Baibul cewa ba za su taɓa tuƙa jirgin sama ba, saboda yadda yake ganin haɗarin abin. Ita bai sa ta rantse ba. Bai taɓa kawowa a ransa cewa 'ya mace za ta nufi wannan hanya ba.

Abin da gidan ya shirya mata a bayyane yake: makarantar 'yan mata, shiga taron manyan gari, aure. Ta yi Ward-Belmont a Nashville, ta yi shekara guda a makarantar Ogontz kusa da Filadelfiya, inda shahararriyar matuƙiyar jirgin sama Amelia Earhart ta taɓa karatu, sannan ta koma kwalejin Sarah Lawrence da ke wajen birnin Niyok, ta gama a 1939. Wannan kwaleji an kafa ta a 1926, kuma a lokacin ta mata ce zalla, sai a 1968 aka fara ɗaukar maza. An san ta da wani tsari na daban: kowace ɗaliba tana da malamin da ke zama da ita su biyu, su tsara abin da za ta karanta, ita ce kuma za ta kare zaɓinta da bakinta. A ganina wannan shi ne rabon makarantar a cikin labarin. Ba ta koya mata tuƙin jirgi ba, ko kusa. Ta dai saba mata da a tambaye ta me take so, a kuma jira amsarta. Yarinyar da aka rene ta don ta bi tsarin da aka shimfiɗa mata ta dawo gida ta san yadda ake cewa ga abin da zan yi.

A farkon 1940 ta fara koyon tuƙi a Nashville. Mahaifinta ya rasu a cikin wannan shekarar. Abin ya shiga ranta sosai, ta yi ta tara awoyi a sama, kuma kafin 1941 ta yi nisa ta mallaki lasisin tuƙi na kasuwanci da shaidar koyarwa. Ta fara koyar da ɗalibai a Fort Collins ta jihar Kolorado, ƙarƙashin shirin gwamnati na horar da matuƙa fararen hula, daga nan ta sami aiki a Honolulu, a tsibirin Hawai, inda da yawa daga cikin ɗalibanta sojoji ne da ma'aikatan tashar jiragen ruwa.

A nan ne safiyar da aka fi saninta da ita ta same ta. Ranar Lahadi 7 ga Disamba 1941, tana sama da wani ɗalibi a cikin ƙaramin jirgin koyarwa samfurin Interstate Cadet, suna bitar tashi da sauka a filin jirgi na John Rodgers, kusa da Pearl Harbor, tashar jiragen ruwan yaƙin Amurka. Ɗalibin ne ke riƙe da sandar tuƙi. Sai ta hango wani jirgin yaƙi ya nufo su kai tsaye. Ta fizge sandar daga hannunsa, ta ɗaga jirgin sama, ɗayan ya wuce ta ƙarƙashinsu. Da ta leƙa don ta ga wane ne wannan marar hankali, sai ta ga jan da'ira a kan fikafikansa, alamar Japan. Ta juya wajen tashar jiragen ruwa ta ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Ta sauke jirgin da gaggawa, ita da ɗalibin suka ruga neman mafaka, harsasai na sauka a filin. An kashe wani babban ma'aikacin filin a safiyar, kuma wasu ƙananan jirage biyu na farar hula da suka tashi ba su dawo ba. Amurkawa sama da 2,400 ne suka mutu a harin. Tana da shekara 22.

Aka hana jiragen farar hula tashi a Hawai, aikinta ya tsaya. Kafin ta hau jirgin ruwa zuwa gida a farkon 1942, a lokacin da ake tsoron jiragen yaƙin Japan na ƙarƙashin teku, ta rubuta wa mahaifiyarta wasiƙa irin ta wasiyya. A ciki ta roƙi kada a yi mata baƙin ciki idan wani abu ya same ta, ta ce a sama ta fi samun farin ciki a rayuwarta. Da ta isa gida sai 'yan jarida suka yi mata caa. Aka riƙa gayyatarta tana ba da labarin harin a tarukan sayar da takardun lamunin yaƙi. Ta yi, amma abin da take nema shi ne ta koma cikin jirgi.

Damar ta zo a Satumba 1942. Masana'antun Amurka suna ƙera jirage dubbai, kowane jirgi kuma sai an sami wanda zai tuƙa shi daga bakin masana'anta zuwa makarantar horo ko tashar da za a yi lodinsa zuwa fagen daga. Matuƙa maza ana buƙatarsu a yaƙi. Kanar William Tunner, shugaban sashen kai jirage, ya amince da shawarar wata ƙwararriyar matuƙiya, Nancy Harkness Love, cewa a ɗauki mata masu gogewa. Aka kafa rukunin mata masu kai jiragen soja da ake kira WAFS a sansanin New Castle na jihar Delaware. Cornelia ce ta biyu da aka ɗauka, bayan Betty Gillies. Gaba ɗaya rukunin farko mata 28 ne.

Sharuɗɗan da aka gindaya musu su ne tushen duk abin da ya biyo baya. Sai mace tana tsakanin shekara 21 da 35, tana da lasisin kasuwanci, ta kuma tara awa 500 a sama, alhali ana karɓar namiji da abin da bai kai rabin haka ba. Albashi dala 250 a wata, ƙasa da na maza masu aiki iri ɗaya. Mafi muhimmanci, an ɗauke su a matsayin ma'aikatan gwamnati fararen hula, don a kauce wa jiran Majalisa ta yi doka, da niyyar a mayar da su cikakkun sojoji daga baya. Matan sun yarda, saboda a lokacin babu wadda ke tunanin fansho. Suna kwana a bariki, suna fareti, suna bin umarnin hafsoshi, amma kakin da suke sawa da kuɗinsu suka ɗinka, kuma ba su da inshorar da ake yi wa soja.

Aikin kansa ba shi da wani ƙyalli. A cikin hunturun 1942 zuwa 1943, suna kai ƙananan jiragen horo irin su PT-19, wanda mazaunin matuƙinsa a buɗe yake, ba rufi. Mace za ta zauna awoyi cikin iskar da ke daskarar da ruwa, ta naɗe cikin kayan fata masu nauyi da aka ɗinka don jikin maza, taswira a kan cinya, babu rediyo a yawancin jiragen, tana bin layin dogo da koguna don kada ta ɓata. Idan yanayi ya ɓaci ta sauka a wani ƙaramin gari ta jira, wani lokaci kwanaki. Idan ta miƙa jirgi aka sa mata hannu a takarda, sai ta saɓa laimarta ta saukar gaggawa a kafaɗa ta nemi jirgin ƙasa ko bas ko jirgin fasinja da zai mayar da ita sansani, sau da yawa cikin dare, don gobe akwai wani jirgin. Mutane a tasha ba su san kakin ba, wasu su ɗauka ma'aikatan jirgin fasinja ne. Wannan shi ne aikin da Cornelia ta yi wata biyar tana yi, kuma shi ne ba a cika faɗa ba idan ana tuna ta.

A Fabrairu 1943 aka mayar da ita sansanin Long Beach a Kalifoniya, inda ta fara tuƙa BT-13, jirgin horo mai ƙarfi da kamfanin Vultee ke ƙerawa a kusa da nan. Ranar Lahadi 21 ga Maris, tana cikin ayarin da ke kai irin waɗannan jirage zuwa filin Love da ke Dallas. A sararin samaniyar yammacin Teksas, kimanin mil 10 kudu da garin Merkel, jirgin wani matashin hafsa da ke cikin ayarin ya matso kusa da nata fiye da kima. Ƙafar saukar jirginsa ta doki fiffikenta na hagu ta ɓalle bakinsa. Shi ya iya shawo kan nasa jirgin ya sauka lafiya. Nata ya juya ya nufi ƙasa, ba ta kuma fita da laima ba. Tana da awa sama da 1,100 a sama, ta ninka shi gogewa nesa ba kusa ba.

Ana yawan cewa ita ce mace ta farko da ta mutu a wannan aiki, kuma maganar tana buƙatar a daidaita ta. Mako biyu kafin nan, ranar 7 ga Maris, wata ɗaliba mai suna Margaret Oldenburg ta mutu tare da malaminta a Houston, a shirin horar da mata matuƙa da wata shahararriyar matuƙiya, Jacqueline Cochran, ke jagoranta. Cornelia ita ce ta farko da ta mutu tana bakin aikin kai jirgi. A Agusta 1943 aka haɗe shirye-shiryen biyu suka zama WASP, wato rukunin mata matuƙa jiragen rundunar sama. Mata kusan 25,000 ne suka nema, aka ɗauki 1,830, 1,074 suka kammala horo. Sun yi tafiyar mil miliyan 60 a sama, sun tuƙa kusan kowane irin jirgin da rundunar ke da shi, har da jan allon da masu koyon harbo jirgi ke auna da harsashi na gaske. Mata 38 suka mutu, 11 a wurin horo, 27 a bakin aiki.

A nan ne zancen farar hula ya nuna haƙoransa. Waɗannan mata ba su da haƙƙin jana'izar soja, ba su da haƙƙin tutar da ake lulluɓa wa akwatin gawa, iyayensu ba sa cikin waɗanda hukuma ta amince su rataya tauraron zinariya a taga, alamar gidan da ya rasa ɗa a yaƙi. Akwai lokutan da abokan aiki ne suka yi karo-karo aka kai gawa gida. Gidan su Cornelia ba su rasa kuɗin jana'iza ba, Nashville kuma ta fito ta raka ta. Amma da yawa daga cikin sauran 37 ɗin ba 'ya'yan masu kamfanin inshora ba ne.

Alkawarin mayar da su sojoji ya kai gaban Majalisar Wakilai a Yuni 1944, da goyon bayan Janar Henry Arnold, shugaban rundunar saman. A lokacin ƙarancin matuƙa ya ragu, an fara rufe makarantun horo, malaman tuƙi maza fararen hula suna tsoron a kwashe su zuwa sojan ƙasa, suka kuwa tayar da ƙura a jaridu da zauren Majalisa cewa mata sun tare musu gurbi. Ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a 188 a kan 169. Ranar 20 ga Disamba 1944 aka rushe WASP, aka sallami matan ba tare da haƙƙin tsohon soja ko ɗaya ba, aka kulle takardunsu shekaru masu yawa. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta. Wanda ya san yadda aka sallami sojojinmu da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da kuɗin sallama ƙasa da na Turawan da suka yi yaƙi ɗaya, ba zai ji wannan a matsayin baƙon labari ba.

Abin da ya farfaɗo da maganar shi ne sanarwar da rundunar sama ta yi a tsakiyar shekarun 1970 cewa za ta fara horar da mata, aka riƙa yaɗawa cewa su ne matan farko da za su tuƙa jiragen sojan Amurka. Tsofaffin WASP, a lokacin sun zama iyaye da kakanni, suka ji zafin abin. Suka tattaro takardun umarni da littattafan rajistar tashinsu, suka nufi Majalisa da taimakon Sanata Barry Goldwater, wanda shi ma ya yi aikin kai jirage a yaƙin, da Bruce Arnold, ɗan Janar Arnold. A Nuwamba 1977 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba su matsayin tsofaffin sojoji. A 2009 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a ba su lambar zinariya ta Majalisa, aka miƙa ta a Maris 2010, lokacin da mafi yawansu sun riga sun rasu. Abin lura shi ne hujjar da ta yi aiki a 1977 daga akwatunan matan nan ta fito, daga abin da suka adana da hannunsu.

Yadda aka riƙa tuna Cornelia ita kanta yana da nasa gyare-gyaren. Nashville ta kyauta: a 1945 aka sa wa wani ƙaramin filin jirgi kusa da gonarsu sunanta, ya yi aiki har ambaliyar Mayu 2010 ta shafe shi, daga baya birnin ya saye shi ya haɗa da wurin shaƙatawa na Shelby Bottoms, sunan kuma yana nan. A Sweetwater ta Teksas, 'yar tafiya kaɗan daga inda ta faɗi, akwai gidan tarihin WASP a filin Avenger, inda aka horar da yawancin matan, takardunsu kuma suna Jami'ar Mata ta Teksas da ke Denton. Amma hoton da ya fi yawo shi ne na wani shahararren fim na 1970 a kan harin Pearl Harbor, wanda ya nuna ta a matsayin mace mai manyan shekaru, cikin wani jirgi daban da wanda ta tuƙa, na ɗan lokaci kaɗan. Haka rayuwarta ke ƙanƙancewa a bakin mutane zuwa safiya ɗaya da ta tsinci kanta a ciki ba da zaɓinta ba, da yammaci ɗaya da kuskuren wani ya kashe ta. Abin da ita ta zaɓa, wato koyar da matuƙa da kai jirage cikin sanyi, shi ne ke zubewa a hanya. A wata maƙala da ta rubuta, wadda mujallar Woman's Home Companion ta buga a Yuli 1943 bayan rasuwarta, ta ba da labarin harin, amma inda ta fi nuna alfahari shi ne cewa ƙwarewar da ta koya don sha'awa ta zama abin da ƙasarta ke buƙata.

A nan nake ganin aikin makaranta ya bambanta da na gwamnati da na masu fim. Gwamnati tana da lambar jirgi da rahoton haɗari. Makaranta ita ke da ɗalibar tun kafin ta sa kaki: darussan da ta zaɓa, abin da ta rubuta, waɗanda suka zauna da ita a ɗakin kwana, wasiƙun da ta aiko wa malamai. Idan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta tashi tuna irin wannan ɗaliba, ta tsaya a kan kalmar jaruma da hoto guda cikin hular tuƙi, ta bar abin da ita kaɗai ke iya bayarwa. Kuma wajibi ne ta faɗi ɓangaren da ba shi da daɗin ji, cewa ɗalibar tasu ta mutu ba ta da matsayin da ya dace da aikinta, da sunayen waɗanda suka hana da shekarar da aka gyara. Yabon da ya tsallake wannan ya taimaka wa waɗanda suka yi zaluncin.

Akwai kuma wata gaskiyar da ba ta rage mata komai ba amma dole a ajiye ta kusa da sunanta. Awa 500 a sama a 1942 kuɗi ne masu yawa, kuma mafi yawan matan da suka iya tara su ko dai 'ya'yan masu hali ne ko waɗanda suka sha wuya ƙwarai suna aiki a filayen jirgi. Ƙofar ma ba kowa aka buɗe wa ba. An ɗauki mata biyu 'yan asalin Sin, ɗayarsu Hazel Ying Lee tana cikin 38 ɗin da suka mutu, a Nuwamba 1944. Baƙaƙen fata kuwa an ƙi su. Janet Harmon Bragg da Mildred Hemmons Carter matuƙa ne masu lasisi, aka mayar da su saboda launin fatarsu. Su ko damar shiga jerin waɗanda aka zalunta a cikin aikin ba su samu ba.

Dokar 1977 ma ba ta rufe maganar ba. Tun 2002 aka yarda a ajiye tokar gawar tsofaffin WASP, ga waɗanda suka zaɓi ƙonawa bisa al'adarsu, a maƙabartar sojoji ta Arlington. A 2015 sakataren sojan ƙasa, John McHugh, ya janye wannan izini, bisa hujjar cewa dokar 1977 ba ta shafi maƙabartar da ke hannun sojan ƙasa ba. A wannan shekarar Elaine Harmon, ɗaya daga cikin matan, ta rasu tana da shekara 95, ta bar wasiyya a kai ta Arlington. Iyalinta suka riƙe tokar a gida, suka shiga neman sa hannun jama'a da bin ofisoshin 'yan Majalisa. Martha McSally, 'yar Majalisar Wakilai a lokacin, wadda ita ma ta tuƙa jirgin yaƙi, ta gabatar da ƙuduri, Obama ya sa masa hannu a Mayu 2016, aka kai Elaine Harmon Arlington da cikakkiyar karramawar soja a Satumban wannan shekarar, shekara 72 bayan ƙuri'ar da ta hana su zama sojoji.